Sunan Gwaggo Ya Haye Ruwa

Matso kusa, ɗan'uwa. Ke ma 'yar'uwa, jawo tabarma ki zauna nan gefena, don maganar da zan yi ba ta ɗaga murya ba ce, kuma na gaji da haɗiye ta. Gwaggona ta rasu. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ban iya ɗaura zane ba, bayan iyayena sun koma ga Mahaliccinsu. In kun taɓa tsayawa cikin rana a filin makaranta ko a bakin kasuwa, a Yelwa ko Ngaski ko Shanga, kuna kallon wasan kwaikwayo a bayan babbar mota, to kun san ta. In kun taɓa cunkusuwa gaban talabijin mai aiki da batirin mota, kafin a yanke mana Kebbi daga Sakkwato da kuma bayan an yanke, kun san ta. Ita ce tsohuwar nan da kuke zagi kuna tafa hannu. Sunanta ba zan rubuta ba. Bakina bai taɓa kiransa ba tana raye, hannuna ba zai fara yanzu ba. Allah ya sanyaya mata makwanci, ya yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba.

Abu ɗaya ta roƙa a duniya, shi ne a maida sunanta. A gidanmu, tun kakanni, in tsohuwa ta rasu, ɗiya mace ta farko da aka haifa bayanta ita ake raɗa wa sunan, a sa mata munduwar mamaciyar a hannu. Gwaggo ta haihu, amma 'ya'yan ba su tsaya ba. Ba ta bar gona ba, ba ta bar kwalekwale ba. Sunan nan da munduwar nan su ne duk abin da take da shi. Ku riƙe wannan, zan dawo gare shi. Bari in fara da masu kuka.

Ni ba mai karatu ba ce, ajin yaƙi da jahilci na yi, rubutuna ma kamar tafiyar kaza. Ba na zuwa ko'ina, daga ɗaki sai murhu. Amma Allah ya ba ni kunne, Gwaggo kuma ta wasa mini shi. Tana tsintar shinkafa takan ce mini, "Ɗiyata, mai kukan gaske ba ta gyara kallabi. Kukan gaske ba shi da daɗin ji, hanci ne ke fara zuba kafin ido. In kin ji kuka shina tashi shina sauka kamar waƙa, to duba da kyau, akwai wanda ake yi don shi gani." Da wannan kunnen na zauna zaman makokinta, kuma wallahi da na san abin da zan ji, da na toshe shi da auduga.

Wadda ta fara shigowa ita ce Inna Babba, matar Baffa. Baffa ƙanen Gwaggo ne, shi ne maigidanmu yanzu. Na ji muryar Inna tun daga bakin ɗakinta tana faɗa wa wata cewa a rufe tukunyar miya kada kaji su faɗa. Murya garau, ko tsakuwa babu a ciki. Tana sako ƙafa ɓangarenmu sai ta ɗora hannu a ka. Ta duba dama, ta duba hagu, ta ga inda aka shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwa, can ta je ta faɗi. Sannan ta buɗe baki: "Wayyo rumfata ta faɗi, rana ta same ni!" Matan unguwa suka amsa, kowa da irin tata muryar, rumfata ta faɗi, rumfata ta faɗi. Na zauna ina kallonsu. Ko ɗaya a cikinsu ba ta tuna inda ta samo kukan nan ba. Kukan Gwaggo ne. Da shi take rufe wasa in an yi mutuwa a ciki, daga bakinta duk ƙasar Yauri ta koye shi. Matan da suke janye 'ya'yansu in ta wuce, su ne suka zo da kukanta na aro suna yi a kan gawarta, ko daidai ba su iya yi ba.

Ranar sadakar uku sai ga masu shirya wasan kaset a mota, da na'urar ɗaukar hoto a kafaɗa. Baffa, wanda ya yi shekaru yana cewa ɗan wasa ba zai taka masa zaure ba, shi ya shigo da su har tsakar gida, yana gyara hula. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar wasa, ta sha baƙin tabarau. Ta durƙusa gabana ta cire shi, idanu jawur, hawaye sharkaf. Na rungume ta, sai ƙamshin man zafi ya bugi hancina. A ƙarƙashin ido ta shafa shi. Gwaggo ba ta raina kowa a sana'arta kamar mai shafa man zafi don ta yi kuka. Mata suka ga na'ura, kuka ya sake tashi sabo, Inna Babba a gaba. Can sai mai na'urar ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi haƙuri, iyaye, batir ne ya ɗauke. A sake daga farko." Na ce a raina yau za a yi masa wankin babban bargo. Ina! Inna ta share fuska, ta gyara kallabi, ta jira ya ce "To", ta sake daga farko. Kaset ɗin nan har yau ba mu gan shi ba, kuma ba na marmarin ganinsa.

Yanzu bari in gaya muku wace ce suke yi wa wannan wasan, su da ba su iya wasa ba.

A kan gungu aka haife ta, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, cikin waɗanda ruwa ya haɗiye da aka datse kogi a Kainji. Ta ce ranar da aka kwashe su, mahaifiyarta ta shiga jirgi ba ta ce uffan ba. Ta bar ɗaki, ta bar kaburburan iyayenta, shiru. Sai da jirgi ya yi nisa, ta waiwaya ta hangi rumfar da take bandar kifi a ƙarƙashinta, ruwa ya riga ya ci ƙafafunta ta karkace, sannan tsohuwa ta fasa wannan kukan. Gwaggo ta ce mini, "Ban ƙirƙiri komi ba. Duk ranar da kika ji na yi shi, to ina cikin jirgin nan ne." Shi ya sa ba ta buƙatar man zafi.

Shigarta wasa kuwa, da dariya ta fara. Lokacin aurenta ya mutu, tana sayar da ƙosai kusa da filin makaranta. Ma'aikatan lafiya suka zo da wasansu na wayar da kai, kuma da yake babu macen da za ta yarda ta hau, wani ƙato ne ya ɗaura zane ya cusa tsumma a ƙirji. Ya fito yana rangwaɗa. Gwaggo ta bar kasko a wuta ta tuntsire da dariya, ta ce da ƙarfi, "Wace mace ke tafiya haka, kamar an ɗaura mata turmi a baya?" Shugabansu ya ji haushi ya ce, "To Hajiya, zo ki nuna muna." Shi gatse ya yi. Ita kuwa ta goge hannu a zane ta hau. Ƙosan ranar ya ƙone ƙurmus, ba ta ƙara soya wani don sayarwa ba.

Yadda take aiki shi ne abin da ban taɓa gani ga kowa ba. Ba ta iya karanta takarda, sai a gaya mata labarin sau ɗaya, sauran nata ne. Ranar kasuwar Yelwa takan tafi da kwando ta dawo da shi wayam. In ce, "Gwaggo, ina cefane?" Ta ce, "Na yi cefane mana. Na sayo wata mai dawa daga Ngaski da ke ciniki da haɓa, na sayo wani Basarke masunci da ke rantsuwa kifinsa na safe ne alhali ƙuda sun san shi tun jiya." Sai ta zauna bakin murhu ta zazzage mini su ɗaya bayan ɗaya, murya da tari da yadda mutum ke sosa wuya. Ni ban je Shanga ba, amma na san yadda tsofaffin Shanga ke gaisawa. Ban taɓa shiga jirgi ba, amma na san yadda direban jirgi ke zagin injinsa. Duniya ta zo mini har ɗaki a bakin mace ɗaya.

Kullum mugun mutum ake ba ta. Kaka mai taurin kai, ungozoma mai ƙazanta, tsohuwa mai haɗa faɗa. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, ki ce su ba ki mutumin kirki ko sau ɗaya." Ta ce, "Mutumin kirki kowa na iya shi, tsayawa kawai za ka yi kana sunkuyar da kai. In ba a ji haushina ba, wa zai tuna da abin da anka zo faɗa?" An jefe ta da ɓawon rake a kasuwanni. Wata tsohuwa a Birnin Yauri ta taɓa hawa motar da sanda za ta rama wa yaron da ake zalunta a wasan. Gwaggo ta dawo da kumburi a goshi tana murna kamar an ba ta kyauta.

Ba zan ce muku ba ta da laifi ba. Tana da shi, babba ma. Da aka kira ta talabijin a Sakkwato, aka ba ta mayya. Ta yi kwanaki tana neman murya. Ta ce mayya ba ta zuwa da ƙaho, da zaƙin baki take zuwa. To Inna Babba tana da wata ɗabi'a: kafin ta gaida mutum sai ta yi ɗan tari sau biyu, ƙasa-ƙasa, sannan ta ja murya ta ce, "Sannuuu, ɗan nan, ya jikin?" Wannan Gwaggo ta ɗauka, ba ta rage ko ɗigo ba. Ranar da aka nuna wasan, mayya ta leƙa kan jariri ta yi tarin nan, duk wanda ke gaban talabijin a Yelwa ya waiwaya ya kalli na kusa da shi. Daga nan Inna ba ta ƙara zuwa biki cikin daɗin rai ba. Tana wucewa sai a ji tari biyu a bayanta. Wasu matan da wasa suke ɗauke jariransu in ta miƙa hannu, wasu kuwa ba da wasa ba. Abin ya ci ta, kuma da gaskiyarta.

Gwaggo ta je ta durƙusa mata, ita da take yayar miji. Ta ce, "Na yi kuskure, kunnena ne ya yi sata, ki yafe mini." Inna ta kau da kai, ta yi tari biyu, ta ce, "Ba koomi." Gwaggo ta ce mini sai da ta ciji cikin kumatunta har jini kada dariya ta kuɓuce. Ban sani ba ko Inna ta gani. Abin da na sani, a makon nan Baffa ya sa aka kafa zana ta raba gidan biyu, aka bar mu da ƙofa ta bayan gida, wajen kwata. Zanar nan ba a cire ta ba sai ranar da Gwaggo ta rasu, don masu makoki su sami wurin faɗuwa.

Gwaggo ita ma maitar ta bi ta. Wata rana za su haye ruwa zuwa wata kasuwa, ta shiga jirgi ta zauna, sai mutane suka fara sauka ɗaya-ɗaya. Mai jirgi ya zo yana murza hannu ya ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri ki jira na baya." Ba ta yi gardama ba. Ta sauka, ta tsaya a kan yashi, ta yi tari biyu, ta ja murya ta ce, "Tooo, ku sauka lafiya." Wani dattijo ya ce, "Kai, ku maido ta! Gara tana ciki!" Har wurin zama mai taushi aka ba ta a kan buhun gero, wata ta miƙo mata gyaɗa. Ta ba ni labarin tana dariya har da hawaye. Amma da ta gama, ta kalli wuta ta ce, "Sun yarda da ni fiye da yadda na so."

Akwai abin da nake so ku sani game da ƙanena, ɗan Baffa da Inna, don zai sake fitowa a maganar nan. Yana ƙarami ƙyanda ta kama shi, bayan an kafa zana. Ya ƙi ci, ya ƙi sha, ya zama kamar tsinke. Gwaggo ba ta da izinin shiga, sai ta kai kujerarta jikin zana ta ɓangarenmu, ta fara shari'a tsakanin akuya da agwagwa a kan wa ya ci dusa. Ita ce akuya, ita ce agwagwa, ita ce alƙali mai mura. Muka ji wata 'yar dariya ta ɓullo daga can. Alƙali ya ce ba zai yanke hukunci ba sai mai jinya ya sha kunu ludayi ɗaya. Ya sha. Haka aka yi ta ɗaga shari'ar nan kullum har yaro ya tashi. Inna ba ta taɓa cewa ta ji ba. Amma kowace safiya ina jin ƙarar tabarma ana jawo ta kusa da zana.

Da zamanin kaset ya zo, samari suka karɓe sana'ar, da waƙa da rawa da 'yan mata masu jan baki. Sau ɗaya suka tuna da ita, suka aiko a zo da tsohuwa ta yi gawa. Suka ce, "Kwanciya kawai za ki yi, Kaka." Ta ce, "Gawa ma sai an iya." Ta kwanta, ƙuda ya sauka a leɓenta ya yi yawonsa, ko gashin ido bai motsa ba, har mai na'ura ya tsorata ya taɓa ƙafarta. Daga ranar ba su ƙara aikowa ba. Waɗannan su ne suka zo da man zafi. Shekarunta na ƙarshe ni da kaji muka zama 'yan kallonta.

Tana kwance ciwon ajali, matar ƙanena tana da tsohon ciki a can bayan zana. Gwaggo takan kasa kunne ta ji tafiyarta. Wata safiya ta ce, "Wagga tafiya ta mai ɗiya mace ce. Tana jira in ba ta wuri." Ta sa na buɗe ƙwaryar da ke ƙarƙashin gado, na ciro munduwa, 'yar ƙarama ta azurfa, ta yi baƙi don daɗewa. Ta ce tata kakar ce ta bar mata, ita ma sunanta ta ɗauka. Ta damƙa mini ta ce, "Ki sa wa takwarata da hannunki. Ba na son komi, in dai ana kiran sunan nan a tsakar gida, ko da faɗa ne." Na ce, "Gwaggo, ai dole ne, al'adar gida ce." Ta kalle ni irin kallon da take wa sabon ɗan wasa.

Ba a kai ga sadakar bakwai ba matar ƙanena ta sauka. Ɗiya mace, kamar yadda ta ce.

Na bari aka kwana biyu, sannan na sami Baffa a zaure bayan ya karya kumallo. Inna tana tsaye bakin ƙofar ciki, ƙanena yana zaune ƙasa. Na durƙusa na gaishe su, na kwance bakin zanena na nuna munduwa. Na ce, "Baffa, ga amanar Gwaggo, ta takwararta ce."

Kafin ya buɗe baki Inna ta ce, "Wace takwara?"

Na ce, "Wadda Allah ya kawo, Inna."

Ta ce, "Jikata ba ta ɗaukar sunan 'yar wasa. In ta girma a ce mata mi? A ce sunan wa anka ba ta? Ta shiga jirgi a watse?"

Na ce, "Inna, shekaranjiya ke kika ce rumfarki ta faɗi. Har sau biyu kika faɗa, na ji da kunnena."

Baffa ya daka mini tsawa ya ce in san da wa nake magana. Sannan ya sassauta, ya ɗauko muryar da yake wa'azi da ita in an yi baƙi. Ya ce ai sunaye masu kyau suna da yawa, ai maida suna ba farilla ba ne, al'adar gungu ce, gungu kuwa yana ƙarƙashin ruwa. Ya ce mamaci addu'a yake so, ba suna ba. Na ce, "Baffa, kai sunan wa kake amsawa?" Sunan kakansa ne, kowa ya sani. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Na juya ga uban jaririya. Na ce, "Kai fa? Ɗiyarka ce. Ko alƙali mai mura ba ka tuna ba?" Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ƙato da gemu, mai shagon kayan injin jirgi a bakin ruwa, yana zanen ƙasa kamar wanda aka kama da satar nama. Ya ce, "Yaya, abin da manya sunka ce." Da Gwaggo ta san kunun nan abin da zai raya ke nan, ina jin da duk da haka ta ba shi, don ita haka take. Ni ce dai ba haka nake ba.

Ranar suna liman ya raɗa wani sunan. Suna ne mai kyau, jaririya ba ta da laifi, ina ɗaukarta ina yi mata wasa har gobe. Mai jego ta kama hannuna a ɗaki ta ce a hankali, "Wallahi Yaya, ni na so." Na ce na sani. Na tuƙa musu tuwo, na raba goro, munduwa tana ƙulle a bakin zanena. Tun ranar rasuwar ban yi kuka ba. Idona ya bushe ƙam, har ana gulma wai riƙon banza aka yi mini.

Ranar sadakar arba'in, an gama addu'a, mata suna rabon gumba, sai wata mata ta yi sallama ta ƙofar bayan gida. Baƙuwa ce, ƙafafunta da laka, ɗauke da ƙunshin busasshen kifi, wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba tana bin ta. Hausarta da nauyin wani harshe a ciki, irin na mutanen tungayen da ke hayin ruwa ta wajen Ngaski. Ta ce nan ne gidan tsohuwar wasa? Ta ce labari bai iso musu da wuri ba, sai da wani mai jirgi ya faɗa. Ba wanda ya san ta. Aka nuna mata gefe, can kusa da turmi, inda babu tabarma.

Ta zauna ba ta yi ihu ba. Ba ta ɗora hannu a ka ba. Kallabinta ya zame ta bar shi. Na ga hancinta yana zuba tana sharewa da bayan hannu, kafaɗunta suna rawa, wani sauti mara daɗi yana fita kamar na mai shaƙuwa. Na ajiye ƙwaryar gumba na je na zauna kusa da ita a ƙasa.

Na ce, "Baiwar Allah, kin san ta ne?"

Ta ce sau ɗaya ta gan ta. An kawo wasa kasuwarsu a kan gudawar yara. Gwaggo ce kakar da ta hana a ba jikanta ruwan gishiri da sukari, wai ruwa ke ƙara zawo, har yaro ya mutu a hannunta, ta yi kukan nan na rumfa. Ta ce, "Na tsine mata ranar nan. Na jefe ta ma." Bayan damina ɗaya nata ɗan ya kamu, uwar mijinta ta ce kada a ba shi ruwa, da kalmomin tsohuwar wasa sak. Ta ce, "Sai na ji kukan nan a kunnena. Na ce ni ba zan yi shi ba." Ta ɓoye a bayan rumbu tana ɗura wa yaro da cokali. Yaron nan yanzu shi ke jefa taru da ubansa. Da ta sake haihuwa ta sami mace, ta sa mijinta ya zo Yelwa ranar kasuwa ya tambayo sunan tsohuwar na gaskiya.

Ban gama fahimtar abin da take faɗa ba, sai yarinyar ta bi wata 'yar akuya ta nufi wajen rijiya. Uwar ta ɗaga murya ta kira ta. Sunan Gwaggo. Gaba ɗayansa, da ƙarfi, ba kunya ba sakaye, da faɗa a ciki: ta dawo nan kafin ta ci duka.

Ludayin da ke hannun Inna Babba ya faɗi cikin ƙwarya. Shekara nawa rabon da a kira sunan nan a tsakar gidanmu, ni ban sani ba. Yarinya ta amsa, "Na'am," ta dawo tana jan ƙafa.

Na kwance bakin zanena. Inna ta gane abin da zan yi, ta taso. Ta ce, "Ke! Wannan kayan gida ne, ba a fita da shi."

Na ce, "Na takwara ne, Inna. An ce mini in sa wa takwara da hannuna. Ga takwara."

Ta ce, "Ba jininmu ba ce. Ko addininsu ba ki sani ba."

Na ce, "Ban tambaya ba. Sunan na ji."

Munduwar ta jarirai ce, amma mai buɗaɗɗen baki. Na sa yatsu na ɗan buɗa ta, na zura a hannun yarinya, ta zauna daidai. Yarinya ta juya hannu tana kallo, ta yi ɗan murmushi da gefen baki. A nan ne abin ya ƙwace mini. Ban san irin kukan da na yi ba, an dai ce mini ba shi da daɗin ji.

Ni da ba na fita, ranar nan na yafa mayafi na raka su har bakin ruwa. Suka shiga jirgi cikin buhuna da kaji da kekuna. Jirgi ya tashi, yarinya ta leƙa tana jan hannunta a cikin ruwa don ta ga azurfa tana walƙiya. Uwar ta sake daka mata kira, sunan ya bi saman ruwa ya dawo har inda nake tsaye. Wasu masu ɗaukar kaya suka waiwaya. Gwaggo ta rasu ba ta san da yarinyar nan ba. Wannan ne ke hana ni sukuni, ba Inna ba.

Da na dawo gida na tarar Baffa ya sa an maida zana. Ban damu ba, na saba da ƙofar baya. Yanzu in na ji an yi mutuwa a unguwa, na ji mata sun ɗauko rumfata ta faɗi, sai in ci gaba da tankaɗena.

To ku da kuka zauna kuka saurare ni har nan, ku da kuka taɓa jifanta da ɓawon rake kuna dariya, ku gaya mini tsakani da Allah: tsakanin gidan da aka haife ta cikinsa da tungar da aka gan ta sau ɗaya, ina ne Gwaggo take da dangi?